Baba ya ajiye maganin hawan jininsa saboda ƙwayar itacen da aka aiko daga Jamus

Maman Ilham, Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawara, kuma hankalina a tashe yake. Babanmu shekararsa 67, ya yi shekara tara da hawan jini, yana shan amlodifin da lisinofiril. Watan jiya Yayana da ke Hambug ya ba wani mai zuwa gida saƙon ƙwayoyi ya kawo masa. A jikin kwalin an rubuta Weissdorn, a ƙasa kuma Crataegus. Da na tambaya aka ce shi ne Turawan Ingila ke kira hawthorn. Jiya ina gyara ɗakinsa na tarar da maganin asibiti a ƙarƙashin dardumar salla, sati uku bai taɓa shi ba. Ya ce tunda ya samu na itace ya huta da wanda ke sa shi tari da kumburin ƙafa. Don Allah wanda ya san wannan itacen ya yi mini bayani. Yana sauke hawan jini da gaske? In bar shi a kai ko in yi faɗa da shi?

Bashir, Hambug:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, da kin kira ni kafin ki kawo maganar nan, amma ba komai, gara a tattauna. Wallahi ban ce wa Baba ya daina maganinsa ba. Ce masa na yi tsofaffin Jamus suna shan wannan don ƙarfin zuciya, kuma haka ne. Kowane kantin magani a nan yana da shi, ba sai da takardar likita ba. Ni dai na ga abu mai kyau na ce mahaifina ma ya samu.

Malam Idi mai magani, Alabar:
'Yata, turo hoton kwalin. Idan akwai zanen itacen a jiki ina son in gani.

Maman Ilham:
Ga shi, Baba Idi.

Malam Idi:
Ƙaya, da 'ya'ya jajaye ƙanana. Wannan ai dangin magarya ne ko kurna. Idan shi ne, ba sai an je Jamus ba, ana kawo mana daga arewa buhu-buhu.

Rukayya, mai harhaɗa magani, Tafo:
Baba Idi, da girmamawa, kama ce kawai. Magarya da kurna danginsu daban. Wannan ɗan'uwan tuffa ne da furen wardi, kuma itacen ƙasar sanyi ne, Turai da Asiya da Amurka ta Arewa da bakin tekun Bahar Rum. Ba ya fitowa a Gana. Duk wanda ya ce ya ciro maka shi a dajin Ejura ko Tamale, wani itace ya ciro.

Maman Ilham, kafin komai, a auna jinin Baba yau, kada a kai gobe. Kowane kemis na unguwa yana da abin awo. Ki rubuto mana lambar. Bayani zai biyo baya idan na tashi daga aiki.

Malam Nuhu, Sawaba:
Idan Crataegus ne, to Larabawa sun san shi, za'arur suke ce masa. Ibn Sina ya kawo shi a cikin Alƙanun, a sashen magunguna ɗaiɗaiku. Abin da na riƙe daga karatun shi ne sun siffanta 'ya'yansa da ɗaure ciki, wato ana ba mai gudawa da mai amai. A kan ciki suka fi maganarsa. Don haka kada wani ya ce malaman ɗibbu na da sun ba da shi don hawan jini, alhali a zamaninsu ko abin awon jinin babu.

Alhaji Tanko, Kejetia:
Malam ya yi gaskiya, a Cana ma haka ne. Na sha ganinsa a Guwanzu lokacin da nake zuwa saro kaya. Shanja suke ce masa, nasu ya fi wannan na hoton girma, ya kai ƙaramin goro. Suna jera shi a tsinke su tsoma a narkakken sukari yara su ci, suna kuma yin alawa da shi falle-falle. Idan an ci nama mai maiƙo sai a kawo shayinsa don abinci ya narke. Tsami gare shi kamar tsamiya. Ban taɓa jin ɗan Cana ya ce yana sha don zuciya ba, ko da yake ba kowa na tambaya ba.

Maman Ilham:
Mun dawo daga kemis. 178 a kan 104. Ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ba ya jin komai.

Sista Zainabu, Asawase:
Innalillahi. Wannan lamba ba ta wasa ba ce. Hawan jini ba ya sallama, da yawan waɗanda muke karɓa da shanyewar ɓarin jiki sun kwana lafiya ƙalau a daren da abin ya same su. Ya koma kan maganinsa yau, kuma a kai shi asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan ya ce kansa na sara masa sosai, ko ƙirjinsa na ciwo, ko ganinsa ya dushe, ko magana ta karkace, ko hannu ya yi nauyi, ba a jiran gari ya waye.

Rukayya:
Na dawo. Zan yi tsawo, a yi haƙuri, domin za'arur (na ari sunan Malam Nuhu, ya fi daɗin faɗa) ba itacen banza ba ne, kuma ba na son Yaya Bashir ya ji kamar ya aiko da shirme.

Abin da Turawa ke amfani da shi don zuciya ganye ne haɗe da fure, ba 'ya'yan ba. Nau'i biyu aka fi ɗiba a Turai, Crataegus monogyna da Crataegus laevigata. Ana jiƙa ganyen da furen a ruwa mai haɗe da sinadarin da ke tsotso abin da ke ciki, a busar, a matse shi ƙwaya. Sinadaran da ake kyautata zaton su ne masu aikin gida biyu ne. Gida na farko filabonoyid, a cikinsu akwai bitekisin da haifarosaid da rutin. Gida na biyu firosayanidin, wato ƙananan sarƙoƙi da ake samu idan ƙwayoyin efikatekin suka haɗu biyu, uku, har shida. Su ne masu ɗaure baki idan an tauna, kuma ina ganin su ne dalilin ɗaure cikin da Malam ya karanto. Akwai kuma su asid na ursolik, irin wanda ke ɓawon tuffa.

Abin da ya ba ni sha'awa tun muna ɗalibai a jami'ar KNUST ta Kumasi shi ne waɗannan sinadarai ba baƙi ba ne a wajenmu. Firosayanidin da efikatekin suna da yawa a ƙwayar kokon da manoman Asante da Sefwi ke shanyawa a tabarma. Bitekisin kuwa akwai shi a geron da muke koko da fura da shi. Ba ina cewa kofin koko da ƙosai maganin zuciya ba ne, adadi da haɗi sun bambanta ƙwarai. Ina dai nuna cewa ba wani asiri ne Allah Ya keɓe wa dajin Jamus ba.

A ɗakin gwaji, kan zuciyar dabbobi da jijiyoyin da aka ciro, an ga ruwan za'arur yana ɗan ƙara ƙarfin matsawar tsokar zuciya. An ga yana sa fatar cikin jijiya ta saki iskar nan da ake kira naitirik oksaid, wadda ke sa jijiya ta saki jiki ta buɗe, jini ya wuce cikin sauƙi, har a jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar kanta. Yana kuma ɗan tsawaita hutun da zuciya ke yi tsakanin bugu da bugu. Duk wannan gaskiya ne. Tambayar ita ce, idan mutum mai rai ya haɗiye ƙwayar, nawa ne daga cikin wannan ke isa inda ake so?

Bashir:
To ai kin ga. Kuma gwamnatin Jamus ta yarda da shi.

Rukayya:
Ta yarda, Yaya, amma a kan me? A 1994 kwamitin Jamus mai duba magungunan itatuwa ya amince da ganye da fure ga masu raunin zuciya mataki na biyu, wato wanda ke haki idan ya hau bene ko ya yi sauri amma yana lafiya idan ya zauna. Raunin zuciya daban, hawan jini daban, ko da yake na biyun yana haifar da na farkon idan aka ƙyale shi.

A 2008 masu bitar Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken likitanci, suka tattara gwaje-gwaje 14. A guda 10 da suka iya haɗa lissafinsu, masu mutum 855, an ga haki da gajiya sun ragu, mutane sun fi jure motsa jiki. Labari mai daɗi. Amma a shekarar nan dai aka fitar da sakamakon gwaji mafi girma, wanda ake kira SPICE: mutum 2,681 masu raunin zuciya a ƙasashen Turai, rabi suna shan miligiram 900 a rana na wani tataccen za'arur mai lamba WS 1442, rabi suna shan ƙwayar da babu komai a cikinta, har shekara biyu. Da aka ƙirga mutuwa da kwanciya asibiti saboda zuciya, bambancin bai kai wanda za a dogara da shi ba. Wani ƙaramin gwaji a Mishigan ta Amurka, mai mutum 120 na wata shida, shi ma bai ga amfani ba, har ma da suka sake duba bayanan sai suka ga alamar ciwon wasu ya yi saurin ci gaba a farkon shan. Shi ya sa a 2016 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ajiye shi a matsayin maganin gargajiya na bugun zuciya mai zuwa da fargaba, bayan likita ya tabbatar babu wata babbar cuta, da kuma rage damuwa da taimakon barci.

Abin da nake so kowa ya riƙe: a gwajin SPICE babu wanda aka ce ya ajiye maganin asibitinsa. A kan maganinsu aka ɗora za'arur.

Game da hawan jini kuwa, gwajin da aka fi ambata na Ingila ne a 2006, masu ciwon sukari 79, miligiram 1,200 kullum har sati 16. Lambar ƙasa ta sauka da kamar maki 2 zuwa 3, ta sama ba ta nuna bambanci ba, kuma mafi yawansu suna kan maganin hawan jini dama. Baba yana 104 a ƙasa. Cire 3, saura 101.

Malam Idi:
Na karanta duka, 'yata, Allah Ya ƙara ilimi. Na karɓi gyara a kan magarya. Amma bari in faɗi abin da ke ci mini rai. Shekara 40 ina wannan sana'a, na gaje ta wurin mahaifina. Idan na ba mutum saiwa, ku 'yan boko ku ce ba a gwada ba. Yau ga ganyen Bature a kwali mai kyau, har an tara mutum dubu biyu da ɗari shida an gwada musu. Wa ya tara ko mutum ɗari biyu ya gwada namu? Ba a gwada ba, sannan a ce ba shi da hujja. Shi kansa wannan dattijo, abin da ya sa ya amince da ƙwayar, an ce masa itace ce. Mutanenmu sun yarda da itace, kuma suna da dalili.

Rukayya:
Baba Idi, a nan ba mu da saɓani ko kaɗan. Shi kansa za'arur a hannun masu maganin ƙauye ya fara. Ana ba da labarin wani likita a garin Ennis na ƙasar Ailan da ya yi suna wajen maganin zuciya a ƙarshen shekarun 1800 yana ɓoye sirrinsa, sai bayan rasuwarsa aka gane ruwan 'ya'yan itacen nan ne. Abin da ya ɗaga shi daga nan kuɗi ne, kamfani ya zuba jari ya daidaita ƙwayar yadda kowace za ta ɗauki kusan kashi 19 cikin 100 na firosayanidin, sannan ya biya kuɗin gwaji. Mu ma muna da wurin yin wannan. Cibiyar binciken magungunan itatuwa ta Mampong Akuapem tana nan tun 1975, KNUST tana yaye ɗalibai masu digiri a maganin itatuwa, akwai dokar masu maganin gargajiya ta shekarar 2000. Kuɗin manyan gwaje-gwaje ne babu. Amma ka lura, gwajin da ya ɗaga za'arur shi ne kuma ya nuna iyakarsa. Idan an gwada namu, wasu za su ci, wasu za su faɗi, dole mu shirya karɓar duka biyun.

Malam Idi:
Na shirya. Wanda ya faɗi in daina ba mutane, ai amana ce. Kuma a sani, ni ban taɓa ce wa mai hawan jini ya zubar da ƙwayar asibiti ba. Masu lasifika a mota da tashar turoturo ke wannan, su sayar su wuce, mu da ke zaune a unguwa mu ake gani ranar jana'iza.

Hajiya Balki, Buronks:
Salamu alaikum 'yan gida. Ina da abin ƙarawa a kan maganar kwali. A nan Amurka akwai nau'in wannan itace na ƙasar Meziko, tehokote suke ce masa, ana tallar saiwarsa a intanet wai tana rage ƙiba. Mata da yawa sun saya. A 2022 wani ƙaramin yaro a Niyu Jazi ya ci na mahaifiyarsa ya kamu da amai, bugun zuciyarsa ya sauka. Da aka sayo samfuri 10 aka auna, 9 ba tehokote ba ne, wani itace ne mai dafin zuciya. Hukumar abinci da magunguna ta nan ta fitar da gargaɗi a kai. Da na ga hoton itacen mai dafin gabana ya faɗi, don na san shi tun ina yarinya a Kumasi: shi ne mai dogayen siraran ganye da fure ruwan ɗorawa kamar ƙararrawa, mai farin ƙaro idan an karya, wanda ake shinge da shi a makarantu da gidaje. Don Allah mata, duk abin da aka ce saiwar rage ƙiba ce daga waje, ku yi nesa da shi.

Bashir:
Hajiya, nawa a kantin magani mai rajista na saya, da rasit.

Hajiya Balki:
Ban yi shakkar naka ba, ɗana. Ina jin tsoron wanda zai karanta wannan hira ya tafi neman mai arha a waya.

Rukayya:
Tsoron Hajiya yana kan hanya. Duk maganin itace da aka saya a nan gida a duba lambar rajistar FDA, wato hukumar abinci da magunguna ta Gana, a jikinsa. Kuma ko na gaskiyar yana da nasa: jiri, tashin zuciya, ciwon ciki ga wasu. Mai shan maganin zuciya digozin, ko maganin ƙirji da ake sawa ƙarƙashin harshe, ko ƙwayoyin ƙarfin maza irin su sildenafil, kada ya haɗa sai likitansa ya sani, don aikinsu yana iya haɗuwa da nasa. Mai ciki da mai shayarwa su bar shi, ba a yi isasshen bincike a kansu ba. Alhaji Tanko, 'ya'yan da ka gani a Cana ma, likitocinsu sun san masu cin su da yawa da yunwa sukan samu dunƙule mai tauri a tumbi, saboda sinadarin nan mai ɗaure baki.

Sista Zainabu:
Mun yi nisa a kan itace mun bar dattijon. Ƙorafinsa biyu gaskiya ne, ba rigima ba ce. Lisinofiril yana sa busasshen tari mai naci ga mutane da yawa, amlodifin kuma yana kumbura idon sawu. Dukansu akwai mafita: likita na iya canza na farkon da wani wanda ba ya sa tari, ya rage na biyun ko ya haɗa shi da wani. Sai dai kumburin ƙafa ga mai shekara 67 da ya daɗe da hawan jini yana iya zama daga zuciyar ko ƙoda, don haka a duba, kada a ɗora wa ƙwaya laifin kai tsaye. Maman Ilham, kumburin ya sauka a sati ukun nan da ya daina? Yana iya kwanciya a miƙe ko sai ya tara matashi? Ya taɓa gaya wa likita maganar tarin?

Maman Ilham:
Tarin ya tafi, kumburin ya ragu amma bai tafi duka ba. Matashi ɗaya yake sawa. Bai taɓa faɗa wa likita ba, Anti. Ya ce layi ya yi tsawo, idan ka shiga minti biyu an rubuta an sallame ka, kuma shi ba ya jin Turanci, Tuwi ɗinsa ma na kasuwa ne. Ni ma laifina ne, na bar shi yana zuwa shi kaɗai.

Alhaji Tanko:
To sobolo fa? Ni an ce mini yana sauke jini, kullum sai na sha gora biyu.

Rukayya:
Alhaji, a kan hawan jini hujjar soborodo ta fi ta za'arur ƙarfi a ganina. A wani gwaji na jami'ar Tufts a Boston da aka buga a 2010, mutum 65 masu hawan jini mara tsanani, waɗanda suka sha kofi uku a rana na sati shida lambarsu ta sama ta sauka da kamar maki 7, sauran da ba su sha shi ba kuma da maki ɗaya da ɗoriya. Amma shayi ne ba sukari, ba irin na gora da ake zuba wa sukari har ya yi kauri ba. Shi ma bai isa ya riƙe mai 178 ba. Abin da zai taimaki Baba a kicin shi ne rage gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙaramin cokali ɗaya, a haɗa da na dunƙulen miya da kifin gishiri irin su kobi da momoni, da yajin shito.

Malam Nuhu:
Maman Ilham, idan dattijo ya ƙi jin maganarku don ku 'ya'ya ne, ki gaya masa zan biyo bayan la'asar. Mun yi makarantar allo ɗaya da ƙaninsa, ba zai ƙi saurarona ba.

Bashir:
Na kira Baba yanzu, mun yi kusan awa. Na ce masa ni na aiko, ni kuma nake roƙonsa ya ajiye har likita ya gani. Ya yi shiru, sannan ya ce shi tarin ne ba ya so, yana hana shi barci yana kuma ba shi kunya a sahu. Shekara tara ban san wannan ba. Ƙanwata, na tura kuɗi ta Momo, ki sayi abin awo na gida, irin na dantse.

Maman Ilham:
Na gani, Yaya, Allah Ya saka. Malam Nuhu ya zo, sun daɗe a zaure. Baba ya sha amlodifin ɗinsa a gabana bayan magariba, ya ce ɗayan sai an canza masa. Gobe da asuba zan raka shi da katin inshorarsa, na sa kwalin Jamus ɗin da na asibitin duka a leda ɗaya, kuma na rubuta maganar tari da kumburi a takarda don kada in manta. Anti Zainabu, awon ƙoda da kika ce, sai ya je da azumi ko zai iya shan kokonsa?

Sista Zainabu:
Na ƙoda ba ya buƙatar azumi, amma wataƙila su haɗa da na sukari, don haka ki riƙe masa kokon a fulas har a ɗibi jinin. Ki rubuto mana lambar da aka samu.